Yadda Ake Koyon Tsara Rubutacciyar Waƙa Bisa Kari

Yawancin waƙoƙin da matasa ke kawo mini in duba musu, ciwonsu ɗaya ne. Ma'ana akwai ta, hikima ma wani lokaci har ta ba ka sha'awa, kuma kowane layi ya ƙare da "wa" ko "ya" yadda ake so. Amma da ka ɗauka za ka rera, sai harshenka ya yi tuntuɓe a tsakiya: wannan layi ya zarce, wancan ya gaza. Mai waƙa ya daidaita wutsiyar layukansa, ya bar gangar jikinsu ba awo. Abin da ya ɓace shi ne karin waƙa, wato jerin gaɓoɓi gajeru da dogaye da ke maimaita kansu daga farkon waƙa har ƙarshenta. Shi ya sa waƙar da aka tsara tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u har yau tsohuwa za ta rera maka ita ba tare da ta taɓa ganin takardarta ba.

Kari abu ne da ake koya, kuma bai kai wuyar da ake faɗa ba. Sai dai ka bi shi ta inda ya dace, wato ta kunne.

Ka fara da sauraro, kar ka fara da littafin aruli, wato ilimin awon waƙa

Malam Aliyu Namangi na Zazzau, mai Imfiraji, makaho ne. Bai zauna yana zana alamomi a takarda ba, amma baitocinsa a daidaice suke. Haka yawancin magabata: kari ya zauna a kunnensu tun suna yara, a makarantar allo da zaurukan karatu da wuraren Mauludi. Wanda ya tashi yana jin Ishiriniya ya haddace karin Ɗawil ko bai san sunansa ba. Mai jin Burda ya san Basiɗ, mai jin Hamziyya ya san Hafif, wanda ya karanta Alfiyyar Ibn Malik kuwa Rajaz na bakinsa.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka zaɓi rubutacciyar waƙa ɗaya da kake ƙauna, wadda akwai muryar wani gwani yana rera ta. Ka yi ta saurare har ka haddace baiti goma ko sama da haka. Daga nan ka jefar da kalmomin, ka riƙe amon kaɗai, kana cewa "da-dan-dan, da-dan-dan" kana buga yatsa a gwiwa. In kana iya yin haka a kan hanya ba tare da ka ɓata ba, to ka sami kwanon awo. Duk abin da zai biyo baya hanya ce ta gane inda hatsinka bai cika kwanon ba.

Gaɓa: nan ne aikin yake

Hausa tana da gaɓa iri biyu ta fuskar nauyi. Gajeruwa ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "da", "ku", "ci". Ana yi mata alama da v. Doguwa kuwa tana zuwa ta hanya uku: baƙi da dogon wasali, kamar "zo" da "sha", baƙi da tagwan wasali, kamar "kai" da "yau", ko gaɓar da baƙi ya rufe, kamar "nan", "har", "duk". Ana yi mata alama da –. Bayan gajeruwa da doguwa babu ta uku. Ko da dogon wasali ya shiga rufaffiyar gaɓa gajarcewa yake yi, shi ya sa "gida" da "gidan" nauyinsu ɗaya: v –.

Ka lura da abubuwa kaɗan wajen yanka kalma. Su sh, ts, kw, gw, ƙw, ky, 'y duk baƙi ɗaya ne kowannensu, don haka "ƙwarai" ƙwa-rai ce, v –. Baƙin da aka nanata kuwa rabuwa yake yi, ɗaya ya rufe gaɓar baya, ɗaya ya buɗe ta gaba: lit-taa-fii, dogaye uku a jere.

To ga babbar matsalar. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko ga-rii ne (v –), na biyu gaa-rii (– –). "Baƙi" na launi ba-ƙii ne, "baƙi" da suka sauka gidanka baa-ƙii ne. "Ya fasa tulu" da "ya fasa tafiya" ba nauyinsu ɗaya ba. Masu rubutu da ajami sun fi mu sauƙi a nan, domin alif da wau da ya suna nuna musu ja a fili. Mu 'yan boko dole mu riƙa rubuta kowane layi sau biyu: sau ɗaya yadda aka saba, sau ɗaya da ninka wasali inda ake ja. Karin sautin murya, wato hawa da sauka, ba ya shiga wannan lissafi: "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala duk v – ne.

Ƙananan kalmomi su suka fi kayar da mai koyo, don haka bari in daɗe a kansu. "Ya tafi" idan labari ne kai tsaye, yaa ne, doguwa. Amma a "lokacin da ya tafi" ko "sai ya tafi", ya gajeruwa ce. Haka "ta" da "na" da "ka". "Da", "a", "ga" ta wuri ko mutum, da "na" ta mallaka duk gajeru ne, amma "ga shi nan" gaa ce. "Ina, yana, muna, suna" duk v – ne. "Muka, suka" gajeru biyu ne. "Za", "ko", "ma", "ne", "ce", "ke" dogaye ne. "Ba" ta "ba ya zuwa" doguwa ce, ta ƙarshen "bai zo ba" gajeruwa.

Aikatau ma yakan sauya wutsiya gwargwadon abin da ya biyo shi. "Ya kama" kaa-maa ne, "ya kama shi" ma haka, amma a "ya kama ɓarawo" sai ya koma kaa-ma. "Ya saya" sa-yaa, "ya sayi doki" sa-yi. Sunayen abubuwa galibi da dogon wasali suke ƙarewa, kamar ruwa, ƙasa, rana, amma akwai masu saɓawa, irin su "abinci" da ke ƙarewa da gajere.

In ka yi shakkar wutsiyar kalma, kar ka furta ta ita kaɗai. Sa ta a tsakiyar magana, ka bi ta da "ne" ko "ma", ka saurari kanka: "ruwa ne", "abinci ne". Bambancin zai fito. In har yanzu da shakka, duba ƙamus mai nuna tsawon wasali, irin na Bargery da aka buga a 1934. Ka ɗauki mako guda kana yanka duk kalmar da ka ci karo da ita: kasuwa – v –, makaranta v v – –, alƙalami – v v –, sarauta v – –. Wanda ya tsallake wannan mataki zai dawo masa ko ba jima.

Ƙafa da kari

Gaɓoɓi ke haɗuwa su ba da ƙafa, ƙafafuwa su ba da ɗango, wato layi ɗaya, ɗangwaye su ba da baiti. Sunayen da ake kiran ƙafafuwa da karuruwa daga ilimin aruli suka zo, wanda Halilu bin Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Ya fitar da karuruwa 15, wani malami mai suna Ahfash ya ƙara ɗaya suka zama 16. Da yake Larabci da Hausa duk suna bambanta gajeruwar gaɓa da doguwa, sai awon ya zauna wa Hausa daram. Farfesa M.K.M. Galadanci, a wata maƙala ta 1975, aure ya kira wannan haɗuwa. Amma ba kowace waƙar Hausa ce ta fito daga gidan Halilu ba. Marubuta da yawa sun ari karinsu daga makaɗan baka da waƙoƙin dandali da na daka da niƙa, kuma wannan ba aibi ba ne. Sharaɗin dai ɗaya ne: abin da ka fara da shi, ka riƙe shi har ƙarshe.

Ba ka bukatar karuruwa goma sha shida. Ƙafafuwa huɗu sun ishe ka shekara guda, kuma ya fi kyau ka haddace su da kalmomin Hausa. Fa'uulun ita ce v – –, kamar "manomi", "mutane", "iyaye". Faa'ilaatun – v – –, kamar "ɗan'uwana", "gaskiya ce". Mustaf'ilun – – v –, kamar "shi jahili". Mutafaa'ilun v v – v –, kamar "hadari gabas". Maimaita ta farko shi ne Mutaƙarab, ta biyu Ramal, ta uku Rajaz, ta huɗu Kamil.

Ni Mutaƙarab nake ba mai koyo ya fara da shi. Ƙafarsa gajeruwa ce, tafiyarsa kamar ta mai sassarfa, kuma Hausa cike take da kalmomin da suka zo a kansa tun asali. Ɗangon da za mu yi aiki da shi ƙafa huɗu ne, ta ƙarshe an yanke mata gaɓa ɗaya:

v – – / v – – / v – – / v –

Gaɓar ƙarshe ta ɗango kullum doguwa ake ɗaukarta, ko da gajeruwa ce a magana, domin a nan murya ke tsayawa.

Zaɓi amsa-amo kafin ka rubuta baiti na farko

Amsa-amo, ko ƙafiya, a al'adar rubutacciyar waƙa gaɓa ce sukutum, baƙi da wasalinsa. In ka fara da "ya", to "ya" ce har ƙarshe, ba yau "ya" gobe "ra" ba don kawai duk sun ƙare da "a". Akwai babban amsa-amo, wanda ke rufe kowane baiti daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, akwai kuma ƙarami, na cikin baiti, wanda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti.

A ce damina nake son yi wa waƙa, kuma layin da ya fara faɗo mini shi ne:

Ruwa ya zubo yau, gari ya jiƙe.

In na yanka: ru-waa-yaa / zu-boo-yau / ga-rii-yaa / ji-ƙee. Ya hau kari ba gyara. Amma in na ɗauki "ƙe" ta zama babban amsa-amo, ina zan je? Jiƙe, riƙe, maƙe, sai tafiya ta fara tsayawa. "Miƙe" da "shaƙe" dogaye biyu ne, ba za su zauna a gurbin v – ba. Waƙa mai baiti talatin ba za ta rayu a kan kalmomi uku ba.

Don haka kafin komai, ɗauki takarda ka jera kalmomin da ke ƙarewa da gaɓar da kake so, waɗanda kuma suka dace da wutsiyar karinka. Gwada "ya": wuya, miya, ƙaya, tsiya, biya, duk v – ne. Ga kuma duniya, gaskiya, lafiya, zuciya, godiya, rijiya, kwanciya, tunkiya, duk – v –, waɗanda gaɓarsu ta farko za ta cika ƙafa ta uku, sauran biyun su zama ta huɗu. Da ka ga jerin ya wuce ashirin, ka sami abin tafiya. Layin "jiƙe" kuwa ba a yar da shi ba, zai zauna a ɗangon farko na baiti, inda ba a tilasta masa amsa-amo.

Gina baiti

Mu ɗauki ƙwar-biyu, wato baiti mai ɗango biyu. Ka fara rubuta abin da kake son faɗa da zube, a jimla ɗaya, kafin ka nemi awo. Al'ada ita ce a buɗe da ambaton Allah, a bi da salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da nake son cewa: ina gode wa Allah da ya ba mu lafiya. Sai na gwada:

Ina fara waƙa da yin godiya,
Ga Sarkin da ya ba mu duk lafiya.

Na farko: i-naa-faa / ra-waa-ƙaa / da-yin-goo / di-yaa. Daidai. Ka ga "fara" ta gajarce wutsiya saboda "waƙa" ta biyo ta, kuma wannan gajarcewa ce ta ba mu farkon ƙafa ta biyu. Na biyu: ga-sar-kin / da-ya-baa. A nan aka karye. "Ya" bayan "da" gajeruwa ce, ga shi gurbin na doguwa ne. In ka rera za ka ji kanka kana jan "yaa" da ƙarfi don ka cike ramin, wanda Bahaushe ba ya faɗin haka. Gyaran kalma ɗaya ne:

Ga Sarkin da ke ba mu duk lafiya.

Ga-sar-kin / da-kee-baa / mu-duk-laa / fi-yaa. Ma'anar ma ta fi ta da, domin bayarwar ba ta tsaya ba. Sau da yawa haka abin yake: neman kalmar da za ta hau kari shi ke kai ka ga wadda ta fi dacewa da nufinka.

Wata dabara da nake amfani da ita: ka fara gina ɗango na biyu, daga wutsiya zuwa kai. Ka ɗauki kalmar amsa-amo, a ce "kwanciya". Me zai zo gabanta mai v –? "Mu bar." Ka sami mu-bar-kwan / ci-yaa. Saura ƙafa biyu na farko: "Ƙasa ta yi taushi", ƙa-saa-taa / yi-tau-shii. Sai baiti ya tashi:

Ruwa ya zubo yau, gari ya jiƙe,
Ƙasa ta yi taushi, mu bar kwanciya.

Baiti na uku:

Manomi, ka ɗauko irinka ka zo,
Rago ne kawai ke kirawo tsiya.

Yanka ɗangon farko: ma-noo-mii / ka-ɗau-koo / i-rin-ka / ka-zoo. Ƙafa ta uku ta zo v – v maimakon v – –. Shin karaya ce? A'a, kuma wannan ya kawo mu ga abin da ke rikita mutane.

Sassaucin da aka yarda da shi, da wanda ba a yarda ba

Kowace ƙafa tana da sashen da ba a taɓawa. Larabawa suka ce masa watad, wato turke. A fa'uulun, turken shi ne v – na farko. A mutafaa'ilun da mustaf'ilun yana ƙarshe, a faa'ilaatun yana tsakiya. Abin da ke kewaye da turke shi ake iya sassautawa, kuma wannan sassauci shi ake kira zihafi. A Mutaƙarab an yarda gaɓar ƙarshe ta ƙafa ta gajarce, fa'uulun ta koma fa'uulu, kamar yadda "irinka" ta yi. Kuskuren "da ya ba" kuwa turken kansa ya tumɓuke, shi ya sa kunne ya ƙi shi nan take. Zihafi yana iya zuwa a wannan ɗango ya ɓace a na gaba. Illa kuma daban ce: ita a ƙafar ƙarshe take faɗawa, kamar yanke gaɓar da muka yi wa ƙafa ta huɗu, kuma in ka fara ta a wutsiyar baiti sai ka lizimce ta har ƙarshen waƙa.

A Kamil zihafin da ya fi yawa shi ne gajeru biyun farko su haɗe su zama doguwa ɗaya. Ga misali:

Shi jahili kullum ƙishirwa ce da shi,
Ilimi ruwa ne, sha ka ƙoshi a duniya.

Na farko: shii-jaa-hi-lii / kul-lum-ƙi-shir / waa-cee-da-shii. Duk ƙafafuwan – – v – ne, wanda in shi kaɗai ka gani sai ka ce Rajaz ne. Na biyu: i-li-mii-ru-waa / nee-shaa-ka-ƙoo / shi-a-duu-ni-yaa. Ƙafa ta ɗaya da ta uku sun zo v v – v –, su suka tona asirin cewa Kamil ne. Saboda haka ba a yanke wa waƙa hukuncin kari da ɗango ɗaya, sai an yanka baiti biyar ko shida. Wannan 'yanci na musanya gajeru biyu da doguwa ɗaya shi ya sa Kamil ke da daɗin aiki a Hausa, domin kalmomi irin su "ilimi", "hadari", "magana" da ba su da gurbi a Mutaƙarab sai ta hanyar zihafi, a nan suna shiga a sake. In akwai kalmar da waƙarka ba za ta yi ba sai da ita, ita za ta zaɓa maka kari.

Ramal kuma mai taushi ne, yana karɓar bege da nasiha:

Zo mu zauna, ɗan'uwana,
In ji daɗi can a raina.

Zoo-mu-zau-naa / ɗan-'u-waa-naa, sannan in-ji-daa-ɗii / can-a-rai-naa. A nan doguwar farko ta ƙafa ce ke iya gajarcewa.

Bayan zihafi, harshen kansa yana ba ka wurin juyawa. "Ya yi" takan koma "yai", "ta yi" ta koma "tai", "maka" ta koma "ma", "sami" ta koma "sam". Inda "suka" da "muka" suka ƙi shiga saboda gajeru biyu ne, marubuta kan ari "sunka" da "munka" na Sakkwatanci, su sami – v. Duk wannan halas ne, magabata sun yi. Abin da ba na so shi ne cusa "fa", "dai", "kam", "wai" a kowane layi don cike gurbi. Ɗaya a baiti biyar ba laifi. In suka yi yawa, mai sauraro zai gane cewa ciko ne, kamar buhun da aka ƙara wa ƙaiƙayi. Haka juya jimla har ta daina kama da Hausa don kawai kalmar amsa-amo ta faɗo ƙarshe. In layi ya ƙi, ka rushe shi ka sake faɗin maganar ta wata hanya.

Daga ƙwar-biyu zuwa ƙwar-biyar

Sai ka yi baiti ashirin na ƙwar-biyu ba karaya kafin ka matsa. Akwai ƙwar-uku da ƙwar-huɗu, amma ƙwar-biyar tana daga cikin waɗanda suka fi yawa a bakin marubutan ƙarni na 20. Tsarinta: ɗango huɗu na farko su yi ƙaramin amsa-amo iri ɗaya, na biyar ya dawo kan babba.

Watanni muna nan da tsoron fari,
Iyaye da 'ya'ya a dukkan gari,
Da roƙo da kuka, ana yin shiri,
A yau ga ruwa, sai mu ɗauko iri,
Mu shuka, mu nome da kyan zuciya.

Ka yanka su da kanka, za ka tarar kowanne v – – sau uku ne da v –. Ka kuma lura da yadda baitin ke tafiya: huɗun farko suna tara magana, na biyar ya sauke ta. In ɗango na biyar bai fi sauran nauyin ma'ana ba, baitin zai zama kamar an ɗaga tabarya ba a daka ba. Shi ya sa a ƙwar-biyar ma na fi son a fara samun na biyar, sannan a gina masa matakala.

Daga nan ne ake shiga tahamisi, wato ka ɗauki waƙar wani mai ƙwar-biyu, ka ƙara wa kowane baiti ɗango uku a sama, da karinsa, da amsa-amon ɗangonsa na farko, ta koma ƙwar-biyar. Ishiriniyar da ake rerawa a ƙasar Hausa haka take: asalinta na Alfazazi ne, Ibn Mahib ya yi mata tahamisi. A gida kuma Shehu ya tsara Tabban Haƙiƙa da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Ga mai koyo babu horon da ya kai wannan, domin an riga an kafa maka kari da ma'ana, kai dai ka shiga tsakani ba tare da an ga ɗinki ba. In ƙari na ɗango biyu ne, baiti ya zama huɗu, shi ne tarbi'i.

Gwaji

Rerawa tana ɓoye aibi. Kai da ka tsara waƙa ka san inda ramukan suke, muryarka za ta ja nan ta haɗiye can ba tare da ka sani ba. Na taɓa kai wa wani dattijo baitoci da na yi makonni ina rerawa ina jin daɗinsu. Bai bar ni na rera ba, ya miƙa wa wani almajirinsa takardar ya ce ya karanta. A baiti na huɗu yaron ya tsaya, ya koma, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Da na yanka layin a gida, sai na ga gajeruwar gaɓa ce zaune a kan turke, ni kuwa kullum ja nake yi mata. Tun daga ranar nake bin matakai uku: in karanta waƙar da muryar magana ba rerawa, in rubuta ta da ninkin wasali in sa alama ƙarƙashin kowace gaɓa, sannan in ba wanda bai taɓa jin ta ba ya rera. Inda duk ya yi tuntuɓe, a nan zan sa alƙalami, ko da lissafina ya ce daidai ne.

Ka duba maimaicin kalmar amsa-amo ma. In "duniya" ta rufe baiti na uku, kar ta sake rufe na biyar. Ka bar tazara mai yawa, ko ka bar ta gaba ɗaya.

Rufewa

Kamar yadda aka buɗe da addu'a, da ita ake rufewa. Marubuta da yawa sukan faɗi sunansu da garinsu a baitocin ƙarshe, wasu har da adadin baitocin, don kada mai kwafa ya rage ko ya ƙara. Sai ramzi, wato ɓoye shekarar da aka gama waƙa cikin kalma ɗaya ta hanyar lissafin haruffan abjadi. A lissafin da malaman ƙasar nan suka gada daga Magrib, shin 1000 ne, ra 200, ta 400, mim 40, ha mai 5. Shi ya sa shin da ra ke yawan fitowa a ramzin waƙoƙin zamanin jihadi, domin shekarunsu na Hijira 1200 da ɗoriya ne. Wanda ya gama tasa a 1445 zai haɗa shin da ta da mim da ha, ya jera su yadda za su furtu, ya sa musu wasula. Wasulan ba sa cikin lissafi, don haka kana da ikon zaɓar waɗanda za su sa kalmar ta hau karinka, sai dai ka guji dogaye, domin a ajami alif da wau da ya za su fito, kuma kowannensu yana da nasa adadin da zai ɓata maka shekarar.